'Yan Tayi Biyu a Ƙwaryar Tatsa

Ranar sunan jikata a Beri, ina zaune a bayan ɗaki ina cin tuwona, na ji surukar Alhaji Sanda, yayan ubanku, tana nuna ni ga wata baƙuwa. Ko rage murya ba ta yi ba. Ta ce ga tsohuwar da ta raba wa da ƙane a kan saniya. Maganarta ba ta dame ni ba, abin da aka ɗura mata a kunne ne take amayarwa. Abin da ya hana tuwon nan wucewa a wuyana ku ne. Ke Hajo kina wurin, ke da ƙanwarki, kun ji sarai, sai kowacce ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma. Na san wannan sunkuyon. Na ubanku ne, Allah ya jiƙansa, na zauna da shi fiye da shekara talatin, ban zaci zan sake ganinsa a wuyan 'ya'yan da na haifa ba. Da na dawo Kontagora ban kwance kaya ba sai da na sayi wannan littafi. Hannuna ba ya sauri, da furfura na fara riƙe alƙalami, amma zan rubuta muku abin da ya faru a shekarar nan, ku da 'yan uwanku maza, don lokacin duk kun watse, wasu na gidan miji, wasu na Kudu da shanun mutane, labarin ɓangare ɗaya kuka ji.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga rugarmu ta wajen Kasuwan Garba, abin da ya tsira na garken gidan bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma babu bijimi ko ɗaya a ciki. Muka kafa bukkoki a bayan Kontagora, gefen hanyar Salka, a wata saura da manoma suka bar mana. A cikin shanun da suka tsira uku nawa ne na kaina: Fure, wadda kakarta mahaifina ya ba ni ranar da aka kai ni gidan miji, sai Saye, sai Wule mai harbi. Amma a gidanmu ko saniya taki ce, bakin da ke magana a kan garke ɗaya ne, na babban wa. Alhaji Sanda kuwa ya riga mu shiga gari da daɗewa, yana da shagon hatsi da babur, rabonsa da kama nonon saniya tun kafin a haifi Hajo. Ran Juma'a yake zuwa ya tsaya nesa da turke don kada kashi ya taɓa masa takalmi, ya ba da umarni ya tafi. Duk zamana da ubanku kafin shekarar nan ban taɓa faɗin sunan mutumin nan ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, in na hango shi a hanya ratsewa nake cikin gona. Haka aka rene mu, yayan miji suruki ne. Yau ga shi ina rubuta sunansa da hannuna, kuma zan maimaita shi iya son raina.

Nono ya ƙafe. Shanu ba maruƙa, ba bijimi, mu kuma da ƙwaryar nono muke ci. Duk Juma'a ubanku ya yi maganar sayen bijimi, Alhaji ya ce a dakata, akwai abin da yake shiryawa. Muka dakata har na fara jiƙa gari da ruwa zalla, ni da na tashi ban san ana shan fura ba nono ba.

Maƙwabciyarmu ta tsallaken rafi wata Bakambara ce, Lami, Hausarta a karkace kamar tawa. Mijinta yana da shanun huɗa biyu, ɗaya ba a fiɗiye shi ba, ja ne gajere mai guntun ƙaho, mummuna kamar yunwa. Wata rana da azahar na kai shanu ruwa, Wule tana ta kuka tana hawan 'yan uwanta, Lami tana wanki ta ɗago ta dube ta.

"Ke Filani, saniyarki miji take so."

"Na sani, Kambari. A ina zan samo mata, a kanti?"

"Ga namu can yana zaman banza. Ba shi da kyau, amma mijina ma ba shi da kyau, ga 'ya'ya bakwai."

Na yi dariyar da na manta rabon da in yi irinta. Ranar muka haɗa Wule da jan sa a bayan kurmi, mu biyu mata, kamar masu sata. Bayan wata biyu Fure da Saye suka nema, su ma na kai su. Na ba Lami ɗan man shanun da na ɓoye tun daga tsohuwar ruga. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce. Mace ta shirya barbara da kanta, abin kunya na ɗaya. Farar saniyar gado da san huɗa na manomi, abin kunya na biyu. Amma duka ukun suka ɗauka. Mai tatsa ba a ɓoye mata ciki: saniya takan nutsu, ta daina neman hawa, gashinta ya kwanta. Kullum da safe ina shafa su ina lissafin watanni da yatsu, ina cewa in Allah ya yarda kafin kaka ta wuce za a sake jin ƙarar tatsa a gidan nan.

Da ruwan farko ya sauka sai ga Alhaji da abin da yake shiryawa. Wasu masu aikin inganta dabbobi ne suka zo gari, shi kuma ya kai sunan garkenmu. Ubanku ne ya kawo mini bayanin. Ya ce allura ce za a yi wa shanu duka rana ɗaya, ta sa su nemi bijimi lokaci guda, bayan kwana uku likita ya dawo da irin bijimin waje a tulun ƙarfe ya ɗura musu da hannu, su haihu tare, 'ya'yan su yi nono kamar famfo. Na tambaye shi abin da allurar take yi wa saniyar da ta riga ta ɗauki ciki. Ya ce bai sani ba, kuma ina ruwanmu, tunda ba mu da bijimi. Sai na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Kin san abin da Yaya zai ce?"

"Na sani. Ka gaya masa a ware nawa uku, ba sai ka faɗi dalili ba."

"Zan gaya masa."

"Yaushe?"

"Ke, na ce zan gaya masa."

Juma'a ta zo ta wuce. Na tambaye shi, ya ce Yaya yana sauri. Ranar allura da safe na sake tambaya, ya ce in kwantar da hankalina, likita ai zai duba kowace saniya kafin ya taɓa ta, shi zai gano da kansa, babu wanda bakinsa zai shiga. Wannan ita ce dabarar ubanku duk rayuwarsa, ya jira wani ya faɗi abin da yake tsoron faɗi. Ni kuma na yarda, don ya yi mini daɗi in yarda.

Suka iso da hantsi a farar mota. Likitan saurayi ne mai fara'a, ya gaishe mu da Fulatancin da ya haddace a hanya, muka yi masa dariya. Na ga ya ciro doguwar safar leda mai kai wa kafaɗa, wadda ake sa hannu da ita a laluba cikin saniya, sai zuciyata ta kwanta. Ya dubi agogo, ya ce rugage huɗu ke jiransa, sannan ya juya wajen maza ya tambaya ko akwai mai ciki a garken, don in akwai ba a yi mata. Ina tsaye bakin bukka, taku goma tsakanina da su. Alhaji Sanda ya yi dariya har da riƙe hula.

"Ciki? Likita, wata nawa garken nan ba bijimi. Sai dai in iska ce ta hau su. Kada ka ɓata safarka, wallahi babu."

Likita ya mayar da safar cikin jaka. Na dubi ubanku. Yana kallon yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu. Na buɗe baki, Allah shaida na buɗe, amma ga yayan miji, ga baƙi maza, ga maganar hawa da ciki, sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na ce a raina bari ubanku ya yi tari, bari ya matsa kusa da likita. Aka kama Saye aka soka. Aka kama Fure, ita da ba ta taɓa harbin kowa ba, ta juyo tana kallona aka soka. Wule ta watsar da mutum biyu kafin a danne ta. Duka bai ɗauki lokacin dafa shayi ba. Kuna so ku san wanda na fi jin haushi a duniya? Ba Alhaji ba ne, ba ubanku ba ne. Matar nan ce da ta tsaya bakin bukka da mayafi a baki, shekararta hamsin, tana kunyar mutumin da ko sunayen shanunta bai sani ba. Har yau in na tuna ta sai in ji kamar in kai mata mari.

Kwana biyu ban yi wa ubanku magana ba. A rana ta uku da sassafe na tarar da Saye tana nishi, jini a wutsiyarta, ga abin a ƙasa. Kafin rana ta ɗaga Fure ma ta zubar. Kowanne bai fi ɗan kyanwa ba, amma an gama halittarsa, ga kai, ga 'yan kofatai farare masu laushi, har ana gane na Fure mace ce. Na durƙusa a cikin kashin shanu ina kallonsu. Ban yi kuka ba. Abin da ya taso mini ba hawaye ba ne.

Ranar ce kuma likita zai dawo da tulunsa. Alhaji ya sa an share gindin ɗorawa, an shimfiɗa tabarmi, ya gayyato dattawan rugagen kusa su zo su ga ci gaba a garkensa. Na shiga bukka na sauko da ƙwaryar tatsata, wadda uwata ta ba ni, wadda ban taɓa bari ko ruwan sha ya shiga cikinta ba. Na ɗauki 'yan tayin nan biyu na sa a ciki, na rufe da faifai. Na bi ta tsakiyar maza ba sallama, ba durƙuso, na dire ta gaban Alhaji. Ya zaci fura ce aka kawo wa baƙi, har ya ce madalla. Na ɗage faifan.

"Sanda, ga 'ya'yan iskar da ka ce."

Wurin ya yi tsit. Ba abin da ke cikin ƙwaryar ne ya fara kashe musu baki ba, sunan ne. Wani dattijo ya yi salati. Likita ya taso ya leƙa, fuskarsa ta sauya, ya dafe kai.

"Innalillahi. Mama, ai na tambaya. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ka tambaya? Ka tambayi mai shago. Ka ga hannuna? Ka ga nasa? Wanne ya yi kama da mai taɓa saniya? Safar tana hannunka, ka mayar jaka don mai babbar riga ya rantse. A makarantar taku rantsuwa aka koya muku dubawa ko saniya?"

Yaron bai musa ba, na ba shi wannan. Ya ce laifinsa ne, ya kamata ya duba ko da an rantse da Alƙur'ani. Alhaji kuwa ko kallon ƙwaryar bai sake yi ba. Asarar ba ta dame shi ba. Bai ma yi mini magana ba, ƙanensa ya juya wa, kamar ba na wurin.

"Tambayi matarka, wane bijimi?"

Na ce ba sai an tambaye ta ba, tana da baki. Na ce jan san mijin Lami ne, ni na kai su da ƙafata da rana tsaka, don 'ya'yan gidan nan da tsofaffinsa ba za su sha alkawarin Juma'a ba. Sai Alhaji ya miƙe yana karkaɗa riga, ya ce an zubar da mutuncin gidan ubansa, an gurɓata jinin shanun da kakanni suka tsare, wai gara ma da allurar ta wanke ƙazantar. Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Na ce masa jinin da yake taƙama da shi yana daji hannun ɓarayi, shi kuma da bakinsa ya kira a ɗura wa shanun kakannin nasa irin bijimin da bai taɓa gani ba, bai san ƙasarsa ba, bai san launinsa ba, daga cikin tulu. Na ce ni dai na ga fuskar nawa surukin. Wani daga cikin dattawan dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Wannan dariyar ce Alhaji bai yafe ba har yau, ba wani abu ba.

Kafin la'asar ya yanke hukunci. Ko in zo gaban mutanen nan in durƙusa in nemi gafara, ko a ware shanuna daga garke, kuma duk wanda ya bi ni ya bi. Ubanku ya same ni a bayan bukka ina wanke hannu.

"Ki je ki ba shi haƙuri, a wuce wurin. Yayana ne."

"Ni kuma wace ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ba ka magana ka kai, kwana tara tana bakinka. Yanzu ni za ka aika? In durƙusa in ce me, a yafe mini na ciyar da gida?"

Washegari na kora shanuna uku na tsallaka rafi, mijin Lami ya nuna mini gefen gonarsa na kafa bukka. Ban ce wa ubanku ya biyo ni ba, ku rubuta wannan a zuciyarku. Bayan kwana huɗu na gan shi tafe da tabarmarsa da butarsa da 'yan shanunsa biyu. Na zuba masa abinci. Ya zaɓa, kuma zaɓin ya ci shi. Daga ranar yayansa bai sake amsa masa sallama ba. Sukan haɗu a masallacin Juma'a, sahu ɗaya wani lokaci, a idar kowa ya nemi takalminsa. Na ga yadda abin yake cin ubanku yana ramewa, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko durƙuson minti ɗaya ya fi wannan sauƙi ba. Amma ko da ya kwanta ciwon ajali na aika wa Alhaji sau biyu. Bai zo ba sai da aka ɗauko makara. To ku gaya mini wanda ya raba.

Fure ba ta tashi ba. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, ciki ya ruɓe, likitan ya dawo har sau biyu a kan babur ɗinsa ba wanda ya aiko shi, ya yi iya yinsa. Ranar da aka sa mata wuƙa na bar gidan na tafi rafi. Da ita jinin saniyar mahaifina ya ƙare, abin da 'yan bindiga ba su iya yi ba. Wule kuwa ta riƙe nata. Likita ya ce don cikinta ya girmi na sauran ne, ya wuce lokacin da allurar ke zubarwa. Ni na ce taurin kai ne irin na mai ita. Da kaka ta haifi 'yar maraƙa ja, gajera, mummuna sak ubanta, Lami ta zo da guɗa ta ce a ba ta tukwicin kaka. Nonon da kuka tarar da kuka dawo, wanda 'ya'yanku suka sha suka yi kumatu, daga wannan mummunar ya fito.

Kada ku ce allurar nake zagi. Bayan shekaru ni da kaina na kira aka yi wa shanuna, amma ina tsaye, sai da aka sa hannu aka laluba kowacce, kuma ban yarda a haɗa su duka lokaci ɗaya ba, na raba su biyu don kada nono ya yanke mana gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in an tambaye shi.

Saura abu ɗaya. Ranar ƙwaryar nan, da Alhaji ya karkaɗa riga, wata takarda ta faɗo daga aljihunsa, mai hoton saniya. Masu aikin ne suka ba shi tun ranar da ya kai sunan garke. Na tsince ta ban san dalili ba, na jefa a ƙasan kwalla. Shekara uku bayan haka na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, ina zama a kan benci da sa'o'in Hajo suna dariyar yadda nake riƙe fensir kamar muciya. Ranar da na ji haruffa sun fara haɗuwa a bakina, na dawo gida na zazzage kwallar. Da Hausa aka rubuta ta. Na bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, tun azahar har inuwa ta juya. Layin farko, da jan rubutu, cewa ya yi kada a yi wa saniya mai ciki, tana zubarwa. Na biyu ya ce kafin ranar allura a tambayi masu tatsa. Alhaji Sanda ya iya karatu tun yana yaro. Kwana goma sha wani abu takardar nan tana aljihunsa, taku goma tsakaninsa da mai tatsa.

Takardar tana nan cikin ƙwaryar, a rataye a ɗakina, ban sake zuba mata nono ba tun ranar. Alhaji yana da rai, yana zama ƙofar shagonsa kullum bayan la'asar. Ban ce ku zage shi ba, baffanku ne, ku gaishe shi ku durƙusa. Amma duk ranar da wani ya sake cewa a gabanku uwarku ta raba gida a kan saniya, ke Hajo, ki ɗaga kanki daga tabarmar nan. Ki ce masa uwarku ta yi laifi ɗaya a shekarar, ta yi shiru da safe ɗaya, kuma ta biya da Fure.